Ruwan da Bai Amsa Gaisuwa Ba

Jikata Rukayya ce ta kawo mini su, ƙawayenta biyu, kowace da littafi da biro. Sun ji har yanzu gidajen suna ba su daina aiko mini ba, wai in faɗa musu abin da nake zubawa a lamurje da zobo, su rubuta, sati mai zuwa su fara sayarwa a Circle, babbar mahaɗar motocin Akra. Na ce to, ku rubuta: citta, kanumfari, masoro, tsamiya, sukari. Suka rubuta, suka ɗago kai suna jiran saura. Na ce ai ya ƙare. Sai ɗayar, wata doguwa mai farce kamar na shaho, ta kwashe da dariya ta ce, "Kai, Hajiya, ashe abu nga ba wuya koraa, ko kaɗan!"

Ni kuwa ban taɓa yarda da mutum ba sai na san gidansu, haka Allah ya yi ni. Na ce, "Ke 'yar wane gida ce?"

Ta ce, "Maamobi, Hajiya. Gidan Alli."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin sunan tasha. Ni kuwa na san inda sunan nan ya fito, domin daga bakina ya fito. Na ce su rufe littattafan su jawo benci. Dafa lamurje, ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta iya. Sana'ar tana cikin kwalba ne, da ruwan da aka wanke kwalbar da shi.

Ina da shekara goma sha huɗu aka kawo ni unguwar Nima wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, wadda ta yi suna da lamurjen kwalba tun daga layinmu har tashar Tudu. Shekara biyu cur ban taɓa tukunya ba, kwalba kawai. A lokacin babu robar nan taku da ake sha a jefa a kwata. Tsofaffin kwalaben lemo muke saye wurin masu tsinta, mu wanke, mu cika, mu buga murfi da wani ƙarfe mai hannu ɗaya da ake dannawa da ƙarfin kafaɗa. Kwalba kuwa ba ta faɗa miki inda ta kwana. Wata an zuba mata kananzir, wata maganin kuɗin cizo, wata direba ya matsu a hanyar Kumasi ya yi abin da ya yi a ciki. Don haka kafin ido, hanci ne ke aiki. Kowace sai an sansana ta. Wadda ta yi warin kananzir a fasa ta nan take, don kada wani mai son banza ya tsince ta ya sake sayar mana gobe.

Sauran sai su bi baho uku. Na farko ruwan sabulu ne, a zuba 'yan tsakuwa a cikin kwalba a girgiza har hannu ya mutu, a bi da buroshi mai doguwar waya, a ɗaga ta a rana a leƙa. Na biyu ɗauraya. Na uku shi muke kira ruwan ƙarshe, kuma shi ne sirrin gidan. Wani farin gari ne muke saye a Tudu wurin wani tsoho mai sayar da kayan kemis, Papa Mensa, shi garin, garin kwalba muke ce masa. Sai abokin tafiyarsa, gishirin tsami, mai ƙyalli kamar sukari amma ya fi lemun tsami kaifi. Cokali ɗaya na gari, rabin cokali na tsami, bokiti ɗaya na ruwa. Garin shi kaɗai barci yake yi, tsamin ne ke tashinsa. In haɗin ya yi daidai, ruwan zai tsaya garau kamar ba a zuba komai ba, amma ki kai hanci ki ji, kamar an ƙyasta kwalin ashana a fuskarki. Gwaggo takan ce in bai sa ki tari ba, zubar ki sake.

In an tsoma kwalba a ruwan ƙarshe an juya ta, sai a kifa ta a kan wani katako mai tsinkaye ta tsane. Ba a ƙara ɗauraye ta. Wannan shi ne abin da sabuwar shiga ba ta ganewa, hannunta yana ƙaiƙayi ta bi da ruwa mai daɗi wai don warin ya tafi. Warin da kansa yake tafiya. Ruwan da kika bi da shi kuwa, abin da kika kora ne yake dawo miki da shi. A kan wannan kaɗai na sha ludayi a bayan hannu ya fi sau goma.

Kuma ku san abin da ake tsoro. Lamurje abu ne mai sukari, in wani abu ya saura da rai a cikin kwalba, kwana biyu sai ya tashi. Ya yi kumfa, ya yi tsamin da ba na tsamiya ba, murfi ya kumbura, wata ma ta fashe. Asarar sukari ba ita ce damuwa ba. Damuwar ita ce a ce 'yar Musulmi a zango tana sayar wa masu alwala abin da ya kama hanyar zama giya. In wannan magana ta fita, sai dai ki koma tallan gawayi.

Wadda ta koya wa hannuna wannan aiki ba Gwaggo ba ce, ita Gwaggo ludayi kawai take riƙewa. Yaya Asana ce, 'yar Kotokoli daga wajen Togo. Ta girme ni da shekara goma, a gidan na same ta. Daga Maamobi take takowa kullum da sassafe. Ba ta da yawan magana, Hausarta kuma irin ta zango, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Amma in ta ɗaga kwalba a rana, sai ta ga dattin da mu biyu muka wuce. Ranar da aka fara bari na haɗa ruwan ƙarshe, na tula cokali har ya yi tozo. Ita ce ta sa yatsa ta share saman kafin Gwaggo ta juyo, ta ci gaba da girgiza kwalbarta kamar ba ita ba.

Akwai wani abu da Gwaggo take yi kowace safiya kafin a yi haɗin. Za ta ɗebi ruwan da za a yi aiki da shi a wani farin kofin tangaran, ta ɗiga masa zobo sau uku, ta karkata shi wajen haske, ta ce, "Ya amsa." Shi ke nan, a fara aiki. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "Ba a sa baƙo aiki sai an gaishe shi." Ba ta ƙara ba, mutanen dauri ba su san bayani ba. Shekara da shekaru ina gani, kullum amsar ɗaya ce, domin famfo ɗaya muke ɗiba. Da Allah ya yi mata rasuwa sana'a ta dawo hannuna, na riga na fara zuwa makarantar matan aure, sabon karatu yana yi mini yawo a ka. Na ce gaishe da ruwa canfi ne, ba za a ƙara yi mini shi a gida ba. Yaya Asana ta dube ni, ta ɗauke kofin daga kan taga.

Direbobin Tudu su ne manyan masu sayena. Da hantsi za a ɗauko ƙanƙara daga Circle a nannaɗe cikin buhu da garin katako, a fasa a akwati, a jera kwalabe. Direba zai sha biyu a tsaye, ya ce a ba shi ɗaya ta hanya, kwalbar ta dawo bayan sati da baƙin mai a ciki, yana rantsuwa ba tasa ba ce. Sai gidajen suna da na aure, sai azumi, lokacin da katakon kifa kwalba ba ya bushewa. Wanda ya riƙe mini Tudu shi ne Alaji Seidu, sarkin tasha. In ya ce a sha na Memuna, an sha. Ni kuwa kowa ina zarginsa. Mai ƙanƙara yana rage mini gefe, mai sukari yana danna sikeli da yatsa, mai tsintar kwalba yana cusa masu tsaga a tsakiya. Kuma yawanci in na bincika sai in tarar gaskiyata ce. Abin da ya lalata ni ke nan.

Sai shekarar fari ta zo, shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas kowane ɗaki ya cika. Kantuna suka zama wayam, sabulu da sukari sai ta bayan fage. Famfon layinmu in kin buɗe shi sai ya yi tsaki ya yi shiru. Ruwa sai an tafi Kanda, wani famfo guda a bakin gidajen ma'aikata, a sa bokiti a layi da safe a samu da azahar. Mai wanke kwalba baho-baho ba za ta rayu da haka ba. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na nemo siminti ta hanyar da ba zan faɗa ba, na sa magini ya gina mini tanki a tsakar gida. Ya shafe cikinsa da ruwan siminti, ya bi da farar ƙasa, ya yi fari tas. Matan layi suna shigowa kallo, ni kuma ina tsaye a gefensa kamar wadda ta dawo daga Makka.

Da maginin ya gama yana wanke kayan aikinsa, ya ce, "Mma, in an cika shi, ki bar shi kwana uku ki zubar. Ki sake cikawa ki sake zubarwa. Na uku ne naki."

Na ce, "In zubar da ruwa? A bana?"

Na san mai motar ruwan da zai kawo mini surukinsa ne. Nan take na ce a raina, an haɗa baki ke nan a sayar mini da ruwa sau uku. Na ce masa ya gaishe da surukin nasa, ya faɗa masa Memuna ba kanwar lasa ba ce. Ya ɗaga kafaɗa ya kwashe kayansa. Aka cika tanki, na tsara aiki: ruwan Kanda na tukunya ne, shi mutane za su sha, ruwan tanki kuma na baho uku. Ruwan wanki ai ruwan wanki ne, in ji ni.

Kwana na uku Yaya Asana ta same ni ina daka citta.

"Memuna, ruwa nga bai amsa ba."

"Wane ruwa?"

"Na tanki. Na gaishe shi jiya, na gaishe shi yau. Bai amsa ba."

Ashe kofin nan yana cikin ƙullin kayanta duk shekarun nan, tana yi a ɓoye. Na ajiye taɓarya na ce, "Yaya Asana, ban hana wannan canfin ba? Ruwa baki gare shi?"

"Kuma yana cin hannu," ta ce, ta miƙo mini tafukanta.

Ko duba su ban yi ba. Na ce sabulun bana ne, kowa ya san toka ce zalla. Gaskiyar magana haushi na ji, a ce an kushe tankin da na sayar da gwal na gina.

A satin kwalabe suka fara tsaki in an buɗe, na ɗora wa zafin rana. Sati na biyu direbobi suka fara dawo da su da rabi a ciki. Sai ranar sunan jikan Alaji Seidu, a nan Nima, an kafa rumfa an tare hanya, malamai sun cika tabarmi. Akwati takwas na kai tun ana gobe suna. Ana cikin rabon goro sai ji aka yi tau! Kwalba ta fashe, ta biyu ta bi ta, gilashi ya yanki wani dattijo a idon sawu. Wani malami ya buɗe tasa, kumfa ta biyo hannun rigarsa, ya sansana ya ajiye da sauri yana a'uzubillahi. Na ji wani daga baya ya ce, "Wannan ai pito ne aka sa mishi citta." Pito kuwa giyar dawa ce. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Alaji Seidu mutum ne mai kawaici, bai yi mini a gaban jama'a ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Memuna, Gwaggonki ba ta taɓa ba mu kunya ba. Azumi saura wata guda. Ki gyara gidanki, in ba haka ba zan ce ma yara su sha ruwan sanyi."

Washegari na tsaya a kan bahon ƙarshe da kaina, abin da na daɗe ban yi ba. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, har da wani abu yana kwanciya a ƙasa. Na kai hanci na shaƙa har ciki. Ko atishawa. Na ce alli! An haɗa mini gari da alli. Na yafa mayafi na hau toro-toro, motar hayarmu, sai Tudu, na faɗa shagon Papa Mensa ko gaisuwa babu. Tsohon bai yi gardama ba. Ya buɗe buhun da yake auna mini, ya ɗebo ruwa a randarsa, ya haɗa a gabana. Garau. Ya miƙo mini na shaƙa, sai da na dafa kanta don tari. Da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Maame Memuna, nawa ke nan. Abin da ya faru gidanka, tambayi gidanka."

A cikin mota na dawo ina ɗinka zance. Gwangwanin gari mutum ɗaya ke taɓa shi, Yaya Asana. A shekarar garin kwalba ya yi wuya kamar sukari. Akwai wata mai lamurje a Maamobi da nata bai taɓa tashi ba, kuma ƙofa biyu ce tsakanin gidanta da ɗakin Yaya Asana. Sannan ga sabon zane da na ga Yaya Asana ta ɗaura ranar Juma'a, a shekarar da mutane ke sayar da nasu. Maganar ruwa bai amsa ba ma sai na juya ta, na ce share fage ne, ta riga ta nemo wa satarta wanda za a ɗora wa. Kafin mu kai Nima na gama shari'a na yanke hukunci, ni ce alƙali ni ce shaida.

A layin famfon Kanda na same ta, ta kusa kaiwa, mata maƙil. Tunda nake ban taɓa kiran sunanta gatsau ba sai ranar.

"Asana! Nawa ake ba ki a kan cokali?"

Ta juyo. "Cokalin me, Memuna?"

"Garina da kike kwashewa ki cika mini gwangwani da alli! Ki ɗaura zanen, ya yi miki kyau, da mutuncina aka saye shi."

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Ɗana ya kawo zane nga daga Legas, shi kaɗai ya tsira da shi. Shekara goma sha biyar ina wanke kwalba gidanku. Allah yana gani." Ta sauke gammo ta ɗora a kan bokitina, ta fita daga layi ta kama hanyar Maamobi. Ba ta yi nisa ba na ji wata ta ce, "Oho, Asana alli!" aka yi dariya. Ni kuma a lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Na sayo sabon gari, na tsaya aka auna a idona, na kulle shi a sito, makulli a wuyana. Tsohon gwangwanin na tura ƙarƙashin gado, wai shaida. Na haɗa ruwan ƙarshe da hannuna. Ya yi fari. Kuna zaton na gane? Cewa na yi tsohon Tudu ya musanya ƙunshin lokacin da na juya ina gyara mayafi. Da haɗi na biyu ya yi fari sai na ce asiri aka yi wa gidan, na karɓo rubutu na yayyafa kusurwa huɗu, ni da na hana canfi. A kwana na huɗu tafukana suka fara tsagewa, ruwan yana yi mini santsi a yatsa, na sake ɗora wa sabulu.

Abin da ya kama ni aikin da na raina ne. Tsumman tace zobo, Yaya Asana ce ke wanke shi kullum a bayan gida. Ranar na ɗebo ruwan tanki a farin kwano na jefa tsumman, jawur da shi. Ina kallo jan ya juye. Ya yi shuɗi-shuɗi, ya koma kore mai duhu kamar ruwan babbar kwatar Nima. Na tsaya da hannu a sama. Na ruga na ɗebo ruwan Kanda a kofi na ɗiga zobo sau uku, sai ga ja mai haske, irin wanda na yi shekaru ina gani a hannun Gwaggo. Na ɗebo na tanki na ɗiga, launin ya mutu nan take.

Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san abin da kanwa take yi wa tsami, kashe shi take yi. Sabon siminti da farar ƙasa sun mayar mini da tanki tukunyar kanwa. Rabin cokalin tsamin nan, kafin ya tashi garin ruwan ya riga ya cinye shi, garin ya kwanta a ƙasa yana barcinsa, mu kuma muna ta tsoma kwalba a ruwan banza muna kifawa. Abin da Gwaggo take dubawa ke nan a kofi, ba aljani take gaisarwa ba. Abin da magini ya faɗa ke nan. Na jawo tsohon gwangwanin daga ƙarƙashin gado, shaidar tawa, na haɗa shi da ruwan Kanda. Ya tsaya garau. Na kai hanci, ya shaƙe ni har na durƙusa ina hawaye, kuma ba duka hawayen ne na tari ba.

Gyaran sana'a bai ɗauki sati biyu ba. Na raba wa masu buga bulo ruwan tankin, na kankare farar ƙasar, na cika na kwashe sau biyu kamar yadda aka faɗa mini tun farko. Daga ranar ba na haɗa ruwan ƙarshe sai na gaishe da ruwa. Kuma ku riƙe wannan: kafin a zuba gari ake gaisuwa, domin garin da kansa yana cinye launin zobo, ba za ki ga komai ba. In ja ya tsaya, ki haɗa. In ya ɗan yi duhu, ki ƙara tsami kaɗan-kaɗan har ya dawo. In ya koma kore, ko gishirin tsamin Akra duka aka ba ki kyauta kada ki yarda da ruwan. Azumi ya zo kwalba ko ɗaya ba ta yi tsaki ba, Alaji Seidu ya sha ruwa da nawa a gaban direbobi, aka wuce wurin.

Gyara ɗaya ne ya gagare ni. Tun ranar tsumman nan da la'asar na ɗauki goro da turmin atamfa na tafi Maamobi. Na same ta a ƙofar ɗaki, hannuwanta biyu a shafe da man kaɗe an naɗe da ƙyalle. Gidaje uku ta nemi aiki, ko'ina aka ce sai an yi shawara. Wa zai ba mai haɗa alli makullin sito? Na durƙusa na ce, "Yaya Asana, ruwan ne. Ke kin faɗa, ni ce ban ji ba."

Ta ce, "Ka hau mota har Tudu ka tambayi Papa Mensa. Ni ina gabanka, na miƙa maka hannu, ba ka duba ba." Ta ture atamfar da gwiwar hannu. "Wannan mayar. Goro na karɓa, na yafe don Allah. Ga kofin Gwaggo can bisa taga, ɗauka, na gidanku ne. Amma inda ka zubar, can za ka kwashe."

Na je. Safiya uku a jere na tsaya a layin Kanda na ɗaga murya na ce ni Memuna na yi wa Yaya Asana ƙazafi, ba ta taɓa mini ko ƙwayar gari ba. Na ɗauki kofi biyu na nuna musu ja da kore. Amma layin famfo ba sahun masallaci ba ne da kowa ke da wurinsa. Waɗanda suka ji na farko sun riga sun kai shi gidajensu, waɗannan wasu ne daban. Wasu suka ce Memuna tana da kirki, tana rufa wa tsohuwar ma'aikaciyarta asiri. Wata ma cewa ta yi kwalabe ne suka yi mini yawa nake neman mai wanki. Labarin sata yana da daɗin ji, na siminti kuwa wa zai tsaya ya saurara?

Ba ta dawo ba. Na aika, na je da kaina, na sa Alaji Seidu ya sa baki. Ta ce hannunta ya gaji da ruwa. Ta kafa kaskon ƙosai a bakin lungunsu, da shi ta rayu. Muna gaisawa, ta zo sunan 'ya'yana, na je na jikokinta. Amma masu sayen ƙosai in za su yi kwatance sai su ce wurin Alli. Da ta rasu, bayan an fara ƙulla lamurje a leda, ina zaune a gidan makoki wata baƙuwa ta tambaya wace Asana ce, aka ce mata Asana Alli, ta ce oho, Allah ya jiƙanta. Waɗanda suka faɗa ba da mugunta suka faɗa ba, sun ma manta dalili. Ni kaɗai ce a tabarmar nan na san cokali nawa ta ɗauka.

Nan na tsaya. Rukayya ta sunkuyar da kai. Doguwar ta daina wasa da biro, ta ce, "Hajiya, mu mun zaci kakanmu malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce mana gidan Alli."

Na ce, "Sunan gidanku gidan Asana. Mace ce da ta fi ni ido, ta fi ni hanci, ta fi ni gaskiya. Daga yau haka za ki riƙa faɗa."

A hankali ta ce, "Zan faɗa, Hajiya. Amma in na ce gidan Asana, ba wanda zai gane wurin."

Na san haka. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko farin kofin, bakinsa ya ɗan gutsure, na sa mata a hannu. Na ce kakarta ce ta riƙe shi lokacin da ni na yar. Na ce ta yanke faratan nan ta dawo ranar Litinin da sassafe, daga kwalba za mu fara, tukunya kuwa sai ta jira. Sannan na ciro igiyar da ta yi shekaru a wuyana na rataya mata. Makullin sito ne, kuma tun daga ranar a hannunta yake kwana.